Sa Hannu Uku a Ƙasan Takarda



Wannan makon rubutu ya faɗo a kanmu, mu 'yan kwamitin ilimi na zumuntar matasa a nan yankin Balan. Da farko mun so mu aiko da ɗan rahoto kawai: an yi kaza, an kashe kaza, mun gode. Amma akwai abin da ya faru a kan wani benci cikin majami'armu wata Asabar a hunturun da ya wuce, wanda har yau ba mu gama juya shi a zuciya ba. Mun ga gara mu faɗa muku shi yadda yake.

Shekara uku ke nan zumuntarmu tana noma gona guda ta haɗin gwiwa. Bara riɗi muka shuka, ya kuma yi kyau. Da muka sayar, muka cire kuɗin taki da na hayar gona, abin da ya rage ya isa a biya wa yara biyu rajistar jarrabawar kammala sakandare. Yaran da ke ajin ƙarshe, a ikilisiyarmu da ƙananan majami'u biyu da ke kusa da mu, su tara ne. Babu gida ɗaya cikin taran da za a ce ba ya bukata.

Ranar da muka zauna a kan maganar, kowa ya zo da nasa ɗan takara a zuci. Wani ya ce a jefa ƙuri'a. Wata ta ce a bar wa Baba Fasto ya zaɓa. Baba Fasto ya ɗaga hannu ya ce, "'Ya'yana, ku cire ni. Gonarku ce, guminku ne." Daga ƙarshe aka tsaya a kan cewa a yi wa yaran gwaji, biyun da suka fi maki su samu. Sai wani dattijo ya yi tambayar da ta sa kowa ya yi shiru: "To wa zai tsare, wa kuma zai duba?"

Ba sai mun yi muku bayanin dalilin shirun ba. Dukanmu mun zauna a ɗakin jarrabawa. Mun ga inda ake miƙa takarda ta taga, mun ga inda ake tara kuɗi don mai tsaro ya kau da kai. Tun 1999 ƙasar nan take da doka ta musamman a kan maguɗin jarrabawa, amma doka ba ta zama a kan benci kusa da yaro. Mutum ne yake zama.

Amsar ta zo mana daga inda ba mu zata ba. Akwai wani yayanmu, ɗan garin nan, da ke karatu a Amurka. Tun yana ƙarami shi ne mai kwance rediyon kakansa, wadda tsohon yake ɗaura wa waya a reshen darbejiya don ya kamo tashoshin gajeren zango da dare. A irin wannan akwati ne iyayenmu suka riƙa jin shirye-shiryen Muryar Bishara, waɗanda ake ɗauka a Jos a watso daga Addis Ababa, har zuwa 1977. Da Yaya ya ji muhawararmu a zauren WhatsApp na zumunta, sai ya turo saƙon murya mai tsawo. Ya ce, "Ƙannena, bari in gaya muku abin da nake yi da wasu Asabar ɗina a nan."

Ashe ya shiga cikin masu rediyon sha'awa. Wannan ba gidan rediyo ba ne irin wanda ake sauraron labarai. Ya fi kama da oba-oba, sai dai mai dogon zango: mutum ya kafa eriya a bayan gidansa, ya yi magana da wani a wata ƙasa, shi ma ya amsa masa, ba layin waya, ba intanet. Ba a kasuwanci da ita, ba a sa kiɗa. Kowa yana da lambar kira wadda ke nuna ƙasarsa: ta Najeriya tana farawa da 5N, ta Nijar da 5U. Marigayi Sarki Hussaini na Jodan yana cikinsu, lambarsa JY1. 'Yan sama jannati da ke tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa sukan yi hira da 'yan makaranta ta wannan hanya. Idan kuma guguwa ko girgizar ƙasa ta kayar da turakun sadarwa, sau da yawa waɗannan mutane ne ke isar da saƙon masu ceto, kamar yadda aka gani lokacin guguwar Katrina a 2005.

Tun da iska ta kowa ce, ba a barin mutum ya hau ta da ka. Wanda bai san iyakarsa ba zai iya shiga zangon jiragen sama ko na masu ceto ya toshe musu magana. Wanda bai san wutar lantarki ba zai iya kashe kansa garin kafa eriya. Saboda haka sai da lasisi, lasisi kuma sai da jarrabawa.

Da can ma'aikatan hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, su ne ke ba da jarrabawar da kansu, mutum ya yi doguwar tafiya zuwa ofishinsu. Da kuɗin hukumar ya ja baya, sai majalisar ƙasar ta yi doka a 1982 wadda ta yarda a danƙa aikin ga masu sa kai. Sanata Barry Goldwater, wanda shi kansa mai rediyon sha'awa ne, yana cikin waɗanda suka tsaya wa dokar. Zuwa 1984 tsarin ya kankama. Yau a Amurka akwai masu wannan lasisi sama da 700,000, kuma duk wanda ya shigo tun daga lokacin, ba ma'aikacin gwamnati ne ya jarraba shi ba. Maƙwabtansa ne: malamin makaranta, direba, tsohon soja, ɗalibi irin yayanmu.

Muka tambaye shi, "Yaya, gwamnati guda ta miƙa hatiminta ga mutanen da ba ta biyansu, kuma abin bai lalace ba?"

Ya ce sirrin yana cikin ƙa'idodi kaɗan, masu tsauri. Na farko, ba a yin jarrabawa sai masu tsaro uku suna wurin, kuma dukansu uku za su sa hannu a takardar shaidar wanda ya ci. Na biyu, ba ka jarraba naka: ba matarka, ba ɗanka, ba iyayenka, ba wanka ko ƙanwarka, ba kawu ko gwaggo, ba ɗan ɗan'uwanka, ba surukanka. Na uku, ba a biyan mai tsaro lada. Ɗan kuɗin da ake karɓa na takardu ne da aikawa, wasu ƙungiyoyin ma ba sa karɓar ko kwabo. Na huɗu, tambayoyin ba asiri ba ne. Ana buga ɗaruruwansu a fili, kowa ya karanta, ranar jarrabawa a tsamo kaɗan daga ciki. A matakin farko tambaya 35 ce, sai ka ci 26. A mataki na biyu ma haka. A na uku tambaya 50 ce, sai ka ci 37. Na biyar, mai tsaro dole ya riga ya bi ta ƙofar da yake tsarewa, yana riƙe da nasa lasisin, kuma idan aka kama shi da maguɗi, lasisin nasa ne zai iya salwanta.

Sai ya ƙara mana da labari guda. Akwai wani abokinsa da suka yi wata biyu suna bita tare, shi ne ma ya ɗauko shi a mota zuwa wurin jarrabawa. Abokin ya ci 25. Saura ɗaya. Yaya ya ce hanyar komawa gida ita ce tafiya mafi tsawo da ya taɓa yi, ko da yake minti ashirin ce.

Mun yi dariya a lokacin. Ba mu san tamu tana tafe ba.

Muka ɗauki ƙa'idodin nan muka auna su da garinmu. Ta huɗu ta zo da sauƙi: muka rubuta tambayoyi 200, rabi Turanci rabi lissafi, muka buga a Gaya, muka ba kowane yaro nasa wata guda kafin rana. Ta uku ma ba wuya, don dama babu abin biya. Ta biyu ce ta kusa kayar da mu. Muka jera sunayen 'yan kwamiti, muka jera na yara, muka fara ja da layi. Wannan ƙanwar wance ce, wancan ɗan yayar wane ne, wannan kuma wan babansa ne ya auri gwaggon wane. Kun san ƙauye. Da muka gama, mutum biyu ne kacal suka rage a cikinmu waɗanda ba su da jini ko surukuta da kowa cikin taran. Ma'ajinmu, wanda ya fi kowa wahala a gonar, dole ya koma gefe saboda ƙanwarsa tana ciki. Bai ji daɗi ba, ya kuma faɗa. Amma ya koma.

Saura na uku. Wani ya kawo sunan maƙwabcinmu, tsohon malamin firamare da ya yi ritaya, Musulmi, wanda ya koya wa rabinmu karatu a aji ɗaya. Muka je gidansa da yamma, muka durƙusa muka gaishe shi. Ya saurare mu har ƙarshe, sannan ya ce, "Zan zo. Amma ku sani, in na ga abin da ba daidai ba, ba zan yi faɗa da kowa ba. Hannu ne kawai ba zan sa ba." Muka ce, "Malam, abin da ya kawo mu ke nan."

Ranar Asabar ɗin hazo ya rufe gari, sanyi kuma yana shiga ƙashi. Aka raba bencina tara, tsakanin kowane da ɗan'uwansa tazarar mutum biyu. Wayoyi duka, har da namu, suka shiga cikin ƙwarya guda a bakin ƙofa. Malam ne ya tsamo tambayoyi 50 da safiyar nan, a gaban idonmu. Ba a rubuta suna a takarda ba, sai lamba, sunayen kuma suna cikin ambulan a aljihun rigarsa. Muka karanta wa yaran ƙa'ida: amsa ɗaya ga kowace tambaya, in ka soke ka sake, ta ƙarshe ce taka. Iyaye suna waje a gindin bishiya, sun rufa da mayafai, suna jira.

Aikin tsaro kansa ba komai ba ne face zama da kallo. Amma ba mu taɓa sanin zama yana da nauyi haka ba. Kana wucewa ka ga yaron da ka goya yana zagaye amsar da ba ita ba. Tari ɗaya ya isa ya sa ya sake dubawa. Sai ka haɗiye tarin ka wuce.

Bayan awa ɗaya da rabi aka karɓi takardu, yara suka fita, mu uku muka zauna dubawa. Kowace takarda sai ta bi hannu uku. Ta farko ta fito fili da 43. Ta biyu 38. Ta uku 37.

Lamba tana ɓoye suna, amma a ƙauye ba ta ɓoye rubutun hannu. Mu biyun nan mun koyar a makarantar Lahadi. Kallo ɗaya muka yi wa takarda ta uku muka san ta wace ce: 'yar wata gwauruwa da mijinta ya rasu shekara huɗu da suka wuce, matar da ke dafa mana abinci duk ranar da muka fita gonar zumunta, ba ta taɓa karɓar ko sisi ba. Takarda ta biyu kuwa ta wani yaro ce wanda ubansa ya yi rigima da mu a kan iyakar gonar nan, shi yaron ma sau ɗaya ya taɓa zuwa noma.

Kuma ga tambaya ta 41 a takardar yarinyar. Ta zagaye amsar daidai, ta soke ta, ta zagaye wata. Sokewar ma ba ta yi ƙarfi ba, layi ne siriri na fensir. Da an ƙirga mata, sun yi kunnen doki da yaron, 38 da 38. In kuwa aka yi kunnen doki, zaɓi ya dawo hannun kwamiti, kowa kuma ya san inda kwamiti zai karkata.

Ba za mu ɓoye muku ba, mun yi maganar. Ɗayanmu ya ce, "Ai ta san amsar. Ga shi da idonmu. Wannan ba sata ba ce, tausayi ne." Ɗayan ya ce, "In da takardar yaron ce fa, za mu duba ƙarfin layin?" Shiru ya biyo baya. Mun san amsar wannan tambayar, ba mu kuwa soke ta ba. Malam bai ce uffan ba. Ya ajiye bironsa a kan benci, ya harɗe hannuwa, yana kallon taga.

A nan ne muka gane dalilin mutum uku. Da mutum ɗaya ne, da ya rinjayi kansa cikin minti biyu, ya kuma kwana yana jin ya yi aikin alheri. Da mu biyu ne, wataƙila da mun lallashi juna, tun da zuciyarmu wuri ɗaya ta karkata. Na ukun bai fi mu tsarki ba. Amfaninsa shi ne dole ka faɗi dalilinka da baki a gaban wani, kuma akwai dalilan da suke da kyau a zuci, amma da zarar sun fito fili sai ka ji kunyarsu. Ba sabon abu Amurkawa suka ƙirƙiro ba. Ƙa'idar tabbatar da magana da shaidu biyu ko uku tana cikin Shari'ar Musa tun tuni. Mu ne muka saba karanta ta ba tare da an sa mu a kujerar shaida ba.

Muka rubuta 37. Muka sa hannu. Malam ya ɗauki birons ya sa nasa a ƙasa, sannan ya fito da ambulan.

Za mu so mu ce muku kowa ya yaba. Ba haka aka yi ba. Yarinyar ta nemi ganin takardarta, muka nuna mata. Ta daɗe tana kallon tambaya ta 41, sannan ta ce, "Ni na soke," ta miƙo mana ta fita. Mahaifiyarta ta tare mu a bakin ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "'Ya'yana, maki ɗaya? Tuwo nawa kuka ci a hannuna?" Muka ce, "Inna, ki yi haƙuri." Ba mu da wata magana. Mako uku tana amsa gaisuwarmu da ka kawai. Mahaifin yaron kuwa ko sannu bai ce mana ba. Wataƙila yana ganin haƙƙin ɗansa ne aka ba shi, kuma gaskiyarsa.

Akwai laifin da yake namu, dole mu ɗauka. Mun karanta wa yara ƙa'idodi, amma ba mu zauna da iyaye tun farko mun bayyana musu ba. Inna ta zo da tunanin cewa gwajin ado ne kawai, a ƙarshe za a duba halin kowa. Haka ta saba gani a ko'ina, mu kuma ba mu gaya mata wannan dabam ba ne. Na biyu, mun shirya wa masu cin nasara komai, ba mu shirya wa bakwai ɗin da za su fita hannu wofi komai ba.

Da muka kai wa Yaya labari, ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce mun ji rabin labarinsa ne kawai. Abokin nan nasa da ya ci 25, sun koma bita tare, wata na gaba ya dawo ya ci. Ya ce a wurinsu mutanen da ke tsare jarrabawa da fuska a ɗaure, sau da yawa su ne ke koyar da ajin share fage kyauta, su ara wa sabon shiga na'ura, su hau rufin gidansa su kafa masa eriya. "Taimako yana da lokacinsa," in ji shi. "Kafin a raba takarda, ka ba da duk abin da kake da shi. Bayan an karɓa, ka sake bayarwa. Amma tsakanin nan, hannunka ba naka ba ne. Na duk wanda zai gaskata takardar ne."

Wannan ita ce maganar da ta zauna mana. Mun taso muna ɗauka cewa aikin sa kai shi ne ka miƙa hannu: ka yi noma, ka share majami'a, ka ɗauki mara lafiya zuwa asibiti. Ba mu san akwai hidimar da ita ce ka riƙe hannunka ba, ka bar wanda kake ƙauna ya faɗi da maki ɗaya, don maki 38 na wanda ba ka ƙauna ya zama yana da ma'ana. Da mun ƙara mata ɗayan nan, ba yaron kaɗai muka zalunta ba. Mun sayar da gwajin baɗi da na baɗin waccan, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma daga ranar da aka ji, ba uban da zai sake turo ɗansa ya zauna a bencinmu.

Ga inda muke yanzu. Mun buɗe ajin bita na yamma, Talata da Alhamis, ga dukan yara tara da duk wanda ya so, har da 'ya'yan maƙwabta. Malam yana ɗaukar lissafi. Ma'ajinmu, wanda ƙa'ida ta hana shi tsaro, shi ne ke ɗaukar Turanci, don babu dokar da ta hana wa koya wa ƙanwarsa. Zumuntar mata ta ji labari, ta yi nata karo-karo, ta haɗa rabin kuɗin rajistar yarinyar. Saura rabi, lokaci kuma yana ƙurewa. Akwai kuma sauran shida. Wanda zuciyarsa ta motsa, ya ga shugaban zumunta bayan sujada.

Muna da roƙo na biyu. Baɗi za mu sake bukatar mutum uku, zai kuma fi kyau su fito daga nesa. Ku 'yan'uwa na ɓangaren Ajingi, na Wudil, na Dutse, wanda zai iya ba mu Asabar ɗaya, muna jira. Mu ma za mu zo mu tsare naku. Ba lada, ba kuɗin mota mai yawa, wataƙila ma ba godiya. Kunu da ƙosai dai ba za su gagara ba.

Ranar Lahadin da ta wuce, Inna ta tsaya a bakin majami'a ta ce da ɗayanmu, "Yaushe za ku fara sharar gona?" Ba ta ce ta huce ba, mu ma ba mu tambaya ba. Muka gaya mata rana.

Ubangiji ya ba mu hannu mai saurin bayarwa, ya kuma ba mu ƙarfin riƙe shi a lokacin da riƙewa ce gaskiya. Amin.